Yadda Na Koya wa Hajiya Gambo Kwanciya

Jiya bayan an tashi daga aji na ji wata a cikinku tana ce wa ƙawarta wai aikin Anti Binta ai hutu ne, ki tura wa mutum filo a ƙarƙashin gwiwa, ki lulluɓe shi, ki koma gefe ki zauna. Ba zan faɗi suna ba, ta san kanta, ga ta can ta sunkuyar da kai. Na ji haushi kuwa, ba zan ɓoye muku ba. Tunda kun ce kuna so ku koyi aikin nan, ku ajiye wayoyinku in ba ku labarin wata mata da aka ce in koya wa kwanciya. Kwanciya kawai, rigingine, na 'yan mintuna ba motsi. In ta iya, a yi mata maganin da aka kawo ta ƙasar nan dominsa. In ta kasa, ta hau jirgi ta koma Kano da ciwonta. Amma kafin in kai ku wurinta, sai kun san hannun da na je mata da shi, da inda na samo shi.

Ni matar ɗalibi ce na zo Kuala Lumpur. Maigidana ya samu tallafin karatun digiri na uku, muka sauka a unguwar Danau Kota, shi yana jami'a daga safe har yamma, ni ina gida da goyo da ciwon baya da ya kama ni tun haihuwata ta biyu. Wata maƙwabciyata Bamaliya, wato 'yar asalin ƙasar nan, ce ta ja ni zuwa ɗakin nan, saman kedai, wato shagon mai sayar da taya, wurin Madam Shanti. Ba'indiya ce 'yar ƙasa, gajeriya, ba ta da yawan dariya. Tun a bakin ƙofa na tambaye ta ko akwai waƙa ko rusuna wa wani abu, don in akwai ni komawa zan yi. Ta ce a ajinta bargo ne kawai da numfashi, kuma mata zalla. Yogar da take koyarwa ba irin ta lanƙwashe-lanƙwashen da kuke kallo a waya ba ce, ta hutawa ce. A tallafe jiki da kaya ta ko'ina har ya zama babu wata tsoka da ke riƙe da komai, sannan a bar mutum a haka. Bayana ya yi sauƙi, na ci gaba da zuwa, ina tsayawa ina taya ta kwashe kaya. Wata rana ta ce in ina so ta koya mini taimaka wa malami a aji, wato in zama hannunta.

Aikin farko da ta ba ni ninkin bargo. Wata da watanni ban taɓa jikin kowa ba, bargo kawai. Fararen barguna ne na auduga da ake kawo mata daga Indiya, kuma kowane ninki da inda ake sa shi: na ƙarƙashin kai daban, na ƙugu daban, na naɗewa a bayan idon sawu daban. In na ninke sai ta kwanta a kai ta rufe ido, ta ce, "Akwai tudu a hagu." In ce Madam wallahi babu. Ta ce, "Akwai lah, buɗe." In buɗe, in tarar da geza ta naɗe a ciki kamar tsinken tsintsiya. Abin da ba za ki ji ba a minti na farko, wanda ya daɗe a kwance zai ji shi kamar dutse, kuma ba zai huta ba. Daga nan ta koya mini sauran kayan: dogon matashin nan mai tauri, bulon katako, ɗamarar auduga da ake haɗa cinyoyi da ita don kada ƙafa ta baje, ƙaramin buhun yashi na dannewa, da ƙyallen rufe ido.

Ranar da ta fara barina in shiga aji a matsayin mataimakiya, na ci ado. Na turara kayana, na shafa humra, na sa awarwaro, kamar dai yadda uwata ta koya mini fita cikin mutane. Ko zama ban yi ba Madam ta ja ni bayan labule ta ce in je in wanke, in cire ƙarafunan nan. Na ce me zan wanke? Mu a wurinmu wannan ai mutunta jama'a ne. Ta ce ɗaki a rufe yake, mutane idonsu a rufe, duk inda na gifta hancinsu da kunnensu za su bi ni, kuma ba don su bi ni suka zo ba. Na wanke ina ƙunƙuni. Har yau in zan zo aiki ko man shafawa mai ƙamshi ba na sawa, kuma ke mai turaren nan da ke tashi tun daga matakala, da ke nake.

Sai hannu. Ni na tashi ina yi wa kakata tausa, hannuna ya saba da matsa da murza, kuma a gidanmu in ba ki ji tsohuwa ta ce wash ba, ba ki yi komai ba. Na ɗora hannu a kafaɗar wata mata na fara dannawa, Madam ta ɗauke hannun ta ce, "Binta, ba ƙullin fulawa ba ne." Abin da ta koya mini shi ne ki ɗumama tafinki tukuna, ki zo ta inda za a ji tahowarki, ki nemi izini da ƙaramar murya, ki sauke hannu gaba ɗayansa ba da kan yatsu ba, ki tsaya. Tsayawar nan ita ce aikin. Kina jiran numfashin mutum ya sauko daga maƙogwaro zuwa ciki, kuma in za ki ɗauke hannun, ki ɗauke shi a hankali fiye da yadda kika sa shi. Abu ɗaya ne ba ta sha wahalar koya mini ba, wato kada a tsallake mutum yana kwance. Wannan da shi na zo daga gida, ko za a kashe ni sai na zagaya.

Ɗaga kai shi ya fi ba ni wuya. Ta sa na yi ta gwadawa da kwakwa a kan tawul, sannan da kanta ita Madam ɗin. Ki zura tafi biyu ƙarƙashin ƙeya, yatsu su bi gindin ƙashin kai, ki ɗaga kaɗan, ki ja wuya ya miƙe, ki sauke ba tare da kan ya san an sauke shi ba. Kan mutum nauyi gare shi, amma ba ya sakar miki nauyin sai ya yarda da ke. In kin ji kai ya yi miki shafal a hannu, to mai shi ne ke riƙe da abinsa, ba ki yi komai ba tukuna. Akwai wata lauya da ta yi kusan shekara tana zuwa, wayarta a ɓoye ƙarƙashin bargo, ba ta taɓa ba ni kanta ba sai ranar da ta manta wayar a mota. Akwai wata tsohuwa 'yar Sin da ke yin minshari har a ji a shagon taya, in ta tashi ta rantse idonta biyu. Masu jego kuwa, da an jingine su sai hawaye, ba abin da aka yi musu, gajiya ce kawai take fita, kuma ba a tambayarsu dalili.

Shekarar da ta fi mana muni ita ce ta ruwan nan da ya ƙi tsayawa. Mun rufe ɗaki don hutun ƙarshen shekara, rufi ya yi yoyo ba wanda ya sani, muka dawo muka tarar fumfuna ta cinye rabin matasan jingina, wari kamar an rufe jiƙaƙƙen buhu. Muka zubar da na zubarwa, muka wanke na wankewa, amma warin ya daɗe, mutane suka watse zuwa sabon wurin motsa jiki da aka buɗe a babban kanti. Ana cikin haka aka yi wa Madam aiki a kafaɗa, ko bargo ba ta iya ɗagawa. Ta koma zama a kujera tana nuna mini da haɓa, ni ce mai durƙuso, ni ce mai ɗagawa, wani lokaci mutum uku ne kacal a aji. A Danau Kota kuma matan 'yan uwanmu suka sa ni a baki, wai Binta ta shiga addinin Indiyawa. Wasu suka rage gaisuwa. Na ce oho, wadda take son sani ta zo ta gani, ƙofa ba a kulle take ba.

A cikin shekarar nan ne Rukayya ta ƙwanƙwasa mini ƙofa. Matar wani ɗalibi ce, Nasiru, suna zaune a unguwar Wangsa Maju, kuma tana cikin waɗanda suka rage gaisuwar, amma ban tuna mata ba. Ta ce surukarta, Hajiya Gambo, aka kawo daga Kano da ciwon daji a mama. An yi aiki lafiya, saura gashi, wato a kwantar da ita ƙarƙashin na'ura kullum na wasu makonni, hannu a sama, ba motsi, ita kaɗai a ɗaki. Ranar farko na'ura na cikin aiki ta tashi zaune, dole aka kashe. Rana ta biyu ma haka. An tambaye ta me ya faru ta ce ba komai. Likita ya ce ba za a iya yi mata tana motsi ba, ya ba su lokaci su shirya ta a sake gwadawa. Ita kuma Hajiya ta ce a mayar da ita gida, kuma Nasiru ya riga ya yi mata alkawari in wannan karon ma bai yiwu ba zai sa ta a jirgi. Rukayya ta ce, "Anti Binta, tun da aka yi aikin nan a zaune take barci. Ke da kike kwantar da mutane, ko za ki gwada?"

Na sa aka tambayo mini likita iya inda hannunta zai iya ɗaguwa da inda ba a taɓawa, sannan na cika bayan tasi da kaya na tafi. Na tarar da ita zaune a kan darduma ta jingina da bango, doguwar mace, baƙa, mai manyan hannuwa. Na durƙusa muka gaisa, ta tambayi maigidana da yara da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Da na shimfiɗa kaya na ce bismillah, ko gezau ba ta yi ba, tana kallon gefe. Sai na gane. Na ce Rukayya ta je kicin ta ja ƙofa. Ina Hajiya za ta miƙe ƙafa ta baje a gaban matar ɗanta? Wannan ba a koya mini shi a aji ba, kuma da ban lura ba da ranar a banza na je.

Ban kai ta ƙasa kai tsaye ba. Na jera bulo, na ɗora dogon matashi a kai ya yi gangare kamar kujerar kishingiɗa, na jinginar da ita kusan a zaune. Kullum in na dawo sai in zare bulo ɗaya ko ninki ɗaya, gangaren yana raguwa ba ta ankara ba. Hannun da aka yi aiki a gefensa na tallafe shi da tawul a ƙarƙashin gwiwar hannu, muna ɗagawa kaɗan-kaɗan. Wahalar aiki da mutanenmu ita ce ba sa faɗa. Ki tambayi Bamaliya ko 'yar Sin ko akwai inda ke damunta, ta nuna miki wurin da yatsa. Ki tambayi Hajiya, ta ce, "Alhamdulillahi, 'yar nan." Ko a kan ƙaya kika kwantar da ita amsar ke nan. Don haka na daina sauraron bakinta, ina kallon muƙamuƙinta da yatsun ƙafarta da inda numfashi yake tsayawa. Abin yana tafiya, har Rukayya ta fara tapau, wato ƙunshin abinci, tana ajiye mini.

Da ranar komawa asibiti ta matso, na ce yau za mu kwanta sosai. Kuma ina gaya muku, ban taɓa shirya mutum da kyau kamar ranar ba, da Madam tana wurin da ba ta samu abin gyarawa ba. Na miƙar mata da ƙafafu, na haɗa su da ɗamara don kada ƙugu ya wahala. Na ja farin bargo har ƙirji. Na ɗora ƙyalle a idonta. Na kashe fanka don ɗakin ya yi shiru, na zagaya ta wajen kanta, na zura tafuna a ƙeya. Kan nan ya yi mini shafal a hannu, wuya ya sandare, gumi ya keto mata a goshi. Na ce, "Hajiya, akwai inda ke ciwo?" Ta ce, "Lafiya lau." Ban gama sauke kan ba na ji ta damƙe mini wuyan hannu, ta fizge ƙyallen, ta tashi zaune tana haki.

Ta ce, "Ke, wa ya koya miki riƙe kai haka?"

Na ce malamata ce.

Ta ce, "Ta iya koyarwa. Haka nake riƙe su."

Na ce, "Su wa, Hajiya?"

Ta ce, "Matan unguwarmu. In mace ta rasu ni ake aikowa a kira, tun kafin a haifi Nasiru. Ki miƙar da ƙafa, ki haɗa ki ɗaure, ki rufe ido, ki ja farin ƙyalle, kowa ya yi shiru. Ba ki tsallake ko ɗaya ba, 'yar nan, har jerin ma daidai. Turare kawai ya rage miki."

Innalillahi! Na kalli ɗamarar da ke ƙafarta, fara sol. Ta ce a asibitin ma haka ne, gado mai sanyi, a miƙar da kai, a gyara maka hannu kamar ba naka ba, a ja farin zani, kowa ya fita a rufe ƙofa. Ta ce, "Ni ba tsoron mutuwa nake ba, na san ta fiye da likitan nan. Amma ba zan kwanta ina ji ina gani a shirya ni ba." Sai ta ɗaga murya ta kira Rukayya, ta ce in Nasiru ya dawo a gaya masa ya nemi jirgi. Na roƙe ta ta bar ni in sake zuwa sau ɗaya. Ta ce in zo mu gaisa, ba ta hana ni ba, amma kada in kwaso mata tarkacen nan.

Daga can wurin Madam na wuce, na zayyana mata komai. Ta kalli tarin bargunan da ke kan kanta, sannan ta ce, "Me na'urar take bukata a jikinta?" Na ce ƙirji da hannu su tsaya wuri ɗaya. Ta ce, "To wannan nasu ne. Sauran jikin duk naki ne, ki yi yadda kika ga dama da shi." Na kira Rukayya na ce ta je asibitin ta tambayo mini abubuwa: ko dole ne ƙafa ta miƙe, ko dole ne farin zanin, ko dole ne a rufe ido, kuma ko ana iya yi wa mara lafiya magana in an rufe ƙofa. Ta dawo ta ce babu dole ko ɗaya. Suna da abin tokare gwiwa, suna da lasifika a ɗakin, ba wanda ya nema ne kawai.

Na koma da matashi ɗaya tak a hammata. Bayan mun gaisa na gyara zama na ce, "Hajiya, tambaya na zo da ita. Me ba a yi wa gawa?"

Ta harare ni ta ce, "Amma yarinyar nan ba ki da ta ido."

Na ce, "Na sani. Ke ce gwana a wancan aikin, ni kuma ba na so in sake yi miki shi. Ki gaya mini abin da ba kwa yi, shi zan yi."

Na zaci ta kore ni ke nan. Can ta ce ba a tanƙwara mata gwiwa. Na ce to. Ta ce ba a rufa ta da atamfa mai launi in an gama shiri. Na ce to. Ta ce ba a barin idonta a buɗe, ba a soya albasa a gidan, ba a yi mata sallama a tsaya jiran amsa. Sai ta ɗan murmusa ta ce, "Kuma ba ita ke kwantar da kanta ba."

Da wannan muka yi aiki. Na ce ta buɗe akwatinta ta zaɓi zanin da ya fi kowane ihu, ta ciro wata atamfa ruwan ɗorawa da kore, ta ankon bikin Nasiru. Na buɗe taga, na kunna fanka, na ce Rukayya ta ɗora girki ta bar ƙofar kicin a buɗe, ta dai juya mana baya. Na ajiye matashin inda gwiwa za ta hau, na ninke tawul inda kai zai sauka, sannan na yi abin da ya fi kowane wuya a aikin nan: na mayar da hannuwana baya na riƙe su. Ita ta kishingiɗa da kanta ta gefen dama, ita ta juya, ita ta ɗora ƙafafunta, ita ta ja zaninta, ita ta ɗaga hannunta sama. Kan bai sauka daidai ba, ya ɗan karkace, hannuna yana ƙaiƙayi in gyara, na ce, "Hajiya, ɗan matso da haɓarki." Ta matso. Na zauna inda za ta gan ni, na ce, "Salamu alaikum." Ta ce, "Wa alaikumus salam, sarkin fitina." Na ga yatsun ƙafarta sun saki.

Saura zama ita kaɗai, don a asibiti ba za a bar kowa a ɗakin ba. Sai na riƙa ja da baya. Yau ina gefenta, gobe ina bakin ƙofa, jibi ina falo, kuma duk inda nake in an ɗan jima sai in yi sallama ta amsa. Rannan daga falo na yi sallama na ji shiru. Na sake, shiru. Na yi ɗakin da gudu har na yi tuntuɓe da bulo. Na tarar da ita rigingine, hannu a sama, baki a buɗe, tana sharar barci. Rukayya ta leƙo ta gani, ta toshe baki da mayafi ta koma kicin tana kuka.

Ranar asibiti tare muka tafi. Mai kula da na'urar wata yarinya ce Bamaliya da ɗankwalinta, Rukayya ta yi mata bayani, ta kalli atamfar ta kalli Hajiya ta ce, "Boleh," wato an yarda. Ta miƙa hannu za ta taimaka mata hawa gadon, Hajiya ta ture hannun ta hau da kanta. Dole dai su ne za su daidaita ƙirji da hannu a kan alamun da suka zana, wannan ba makawa, amma yarinyar kafin ta taɓa sai ta tsaya ta kalle ta, sai Hajiya ta gyaɗa kai. Aka fito da mu, aka rufe ƙatuwar ƙofar nan, jar fitila ta kama. Nasiru ya kasa zama, yana ta safa da marwa a baranda. Ni ina tsaye kusa da teburin yarinyar, ban san na damƙe mayafin Rukayya ba sai da ta ce Anti za ki yaga.

Na'urar ta yi ƙara ta tsaya don ta juya ɗaya gefen, kuma a nan ne Hajiya ta tashi a karo biyun da suka wuce. Yarinyar ta sunkuya kan abin magana ta ce, "Assalamu alaikum, Mak Cik," wato inna. Shiru. Sai muryar nan ta fito ta lasifika, da ƙarfi kamar tana amsa wa baƙo daga tsakar gida: "Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuhu." Yarinyar ta duba allon da ke gabanta, ta ga ba abin da ya gusa, ta danna maɓalli aka ci gaba. Na yi shekaru ina aikin nan, na ɗaga kawunan da ban san adadinsu ba, amma wallahi ban taɓa alfahari da sana'ata kamar lokacin nan ba, ga shi ko yatsa ban ɗora a jikinta ba.

Fitila ta mutu, aka buɗe ƙofa. Ta fito a hankali, atamfar a saɓe a kafaɗa. Nasiru ya taro ta yana sannu Hajiya, ya jiki Hajiya, ko kallonsa ba ta yi ba, ni ta nufo.

Ta ce, "Ke Binta, abin nan nasu na ƙarƙashin gwiwa tauri ne da shi kamar turmi. Ƙafata har ta yi tsami. Ki zo da tawul ɗinki ki ɗora mini."

Na ce, "To Hajiya, sai mun tambaye su ko za su yarda."

Ta ce, "Ki tambaye su mana, me bakinki yake yi? Kuma gobe da wuri za mu fito, ba na so mu yi latti."